Inda Na Samo Mutumin Yakasai

Aikin farko da Kawu Sule ya sakar min ni kaɗai, tarihin wani tsoho ne mai wankin hula a Ƙofar Wambai. Kawu ne ya je ya ɗauko maganarsa a kaset uku, ya zube min su a gaban tafireta ya ce, "Binta, ga naki." Sati biyu ina sauraro ina bugawa, ban zubar da ko tarin da tsohon ya yi ba. Na jera komai tiryan-tiryan: an haife shi, an yaye shi, an sa shi makarantar allo, ya yi aure, ya je Makka. Shafi arba'in cif. Na kai wa Kawu kaina na fasuwa. Ya karanta shafi biyu, ya yi hamma, ya jawo almakashi. Ina ji ina gani ya yi wa aikina gunduwa-gunduwa, ya tashi ya riƙa maƙala yankakkun takardun da fil a jikin wani tsohon zanen matarsa da ya kafa a bango. Can sama ya maƙala ranar da tsohon, yana saurayi, ya ƙona hular wani ango da safiyar ɗaurin aure.

"Kawu, ai wannan a tsakiya yake," na ce.

"A tsakiyar shekarunsa yake, amma shi ne farkon labarinsa. Haihuwa kuwa kowa ma an haife shi, har akuya."

To ku yaran yanzu da kuke zuwa min da waya a hannu kuna cewa ai wannan aikin ba wuya, a danna a ɗauki murya a buga, ku zauna ku ji. Sana'ata rubuta tarihin rayuwar mutane. Ba manyan ƙasa ba, mutanen unguwa. 'Ya'ya ko jikoki su zo su ce a rubuta na tsohonsu ko tsohuwarsu tun suna da rai, a buga ɗan littafi kwafi kaɗan a raba wa dangi. Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, da rubuta wa mutane wasiƙa ya fara a zauren gidansa a Yakasai, daga nan aikin ya rikiɗe ya zama wannan. Ni kuma ya ɗauke ni bayan na gama sakandare, ba don ya ga wata basira a goshina ba. Mace yake nema. Rabin labarin birnin nan yana cikin gidajen da aka rubuta wa "ba a shiga", kuma shi da gemunsa ba mai barinsa ya wuce zaure.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma har yau ba su canja sosai ba. Rikoda ta koma waya, tafireta ta koma kwamfuta, amma almakashin Kawu yana nan, da gwangwanin fil, da zane a bango. Sai kwando ɗaya a ƙarƙashin tebur, inda ake jefa abin da aka yanke aka ga ba shi da gurbi. Kawu ba ya yarda a zubar da kwandon nan sai littafi ya fito daga maɗaba'a. Dokokinsa biyu ne kawai. Ba a ƙara wa mutum ko kalma ɗaya da bai faɗa ba. A gusar da maganarsa gaba ko baya, a rage, amma ba a ƙari. Sannan ba a bugawa sai an karanta wa mai labarin ya ji da kunnensa ya yarda. Duk abin da ya rage, neman zaren da za a shirya labarin a kansa ne, kuma wannan zaren yana bakin mai maganar, ba a kan marubuci yake ba.

Akwai wani dillalin fata da na yi wa aiki. Duk tambayar da aka yi masa sai ya kewayo kan abin hawa. Na gaji da jansa zuwa shekaru, na bar shi. Littafinsa ya fito babi biyar: jaki, keke, babur, mota, sanda. Da aka karanta masa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Wata ungozoma kuma a Madabo, ita ba ta san shekara ba sam, sai ƙofofin gidajen da aka ƙwanƙwasa mata. Da na matsa mata da kalanda, da na kashe labarin. Wannan ne abin da waya ba ta iya ji muku ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ba ta daɗe da wucewa ba. Damina ta yi ƙarfi, katangar ɗakin aikina ta jiƙe ta zauna a kan akwatin tsofaffin kaset-kaset ɗinmu, muryoyin mutane da yawa da suka riga mu gidan gaskiya suka tafi a laka. Kwana biyu ina tsince su ina shanyawa kamar kuɓewa, ban ceci ko goma ba. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. A shekarar ne kuma kowane gida aka sami jika mai babbar waya da ya ce shi zai yi wa kaka tarihi kyauta. Wata bakwai zanena na rataye a bango ba ko takarda ɗaya a jikinsa, har na fara tunanin in sauke shi in yi tsumman goge-goge.

Ana cikin haka wata Laraba da hantsi aka yi sallama. Wani dattijo ne fari siriri, ya haura sittin, da gilashi a aljihun gaba. Ya ce sunansa Alhaji Kabiru, tsohon malamin makaranta ne, yana so a rubuta tarihin mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa ta Madabo. Sunan ba baƙo ba ne a kunnena. Duk wanda aka kai wa gara a cikin birni shekarun baya, in alkakin ya yi kyau, to daga hannunta ya fito. Muka gama magana ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo.

"Malama, ni ne ɗanta na fari."

"Allah sarki," na ce.

"Tun da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata a nan Yakasai. Kin san al'adar mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata. In na je gaishe ta, bango take amsa wa." Ya yi 'yar dariya. "Na san kunya ce, ba yaro ba ne ni. Amma ta tsufa, ni ma na tsufa. So nake in ga ko ina cikin labarin. Shi ke nan."

Na ce masa in Allah ya yarda. A raina kuwa na ce bawan Allah ka ɗauko abin da babu. Ni 'yar birni ce, kakata haka ta yi wa babana har ta koma ga Allah. Na san tsohuwar ba za ta ambace shi ba, saboda haka ban ma sa kunne in nema ba. Wannan sanin nawa shi ya kusa kashe aikin.

Zama tara na yi da Hajiya Yalwa a tsakar gidanta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin baki, ido ya yi rauni amma hanci na nan, daga inda take zaune za ta ce wa jikokinta man ya yi zafi da yawa. Autarta, Hajiya Asabe, ita ke kula da ita, ita ke kawo min shayi. Hajiya ta ba ni labari har na rasa inda zan zuba. Yadda ake jiƙa alkama a barza, yadda ake gane tsamin ƙullu da yatsa, yadda ta koyi dubulan a wajen wata maƙwabciyarsu jikar Larabawan Turabulus da ba ta koya wa kowa sai an yi mata tsifar kai. Ranar da tukunyar zuma ta kife ana gobe kai gara. Zuwanta Makka. Rasuwar mai gidanta. 'Ya'yanta shida na baya kuwa kowa da sunansa da laifinsa, har wanda ya yi fitsarin kwance ya kai shekara tara ba ta rufa masa asiri ba.

A zama na bakwai na gwada sa'ata. Na ce, "Hajiya, Alhaji Kabiru fa? Ba ki ce komai a kansa ba."

Ta juyo da kunnenta wajena kamar ba ta ji ba. "Asabe, 'yar nan ba ta da ta ido. Ƙara mata alkaki ko bakinta ya sami aikin yi."

Na ci alkakina.

Da na zo shiri, na ga zaren a fili yake, ko kuma haka na zata. Mace ce mai sana'a, sai na bi kayan gara: babin alkaki, babin nakiya, babin dubulan, babin zuma. Na yanka na maƙala, abin ya zauna daram, har na tsaya ina yaba kaina. Abu ɗaya ne ya dame ni wajen yanka. Hajiya ba ta fara labari sai ta ɗaura masa wani dogon gabatarwa na lokaci, kuma ba shekara ba ce da za a iya rubutawa. Sai na riƙa datse waɗannan kawunan ina jefawa kwando, ina fara kowane labari daga inda ya ɗau zafi, kamar yadda aka koya min.

Na buga gwaji na kira Alhaji Kabiru ya gani kafin in kai wa Hajiya. Ya zauna a bencin zaure ya sa gilashi. Awa ɗaya da wani abu yana karatu, yana murmushi a wasu wuraren. Sunansa sau ɗaya ya fito, a jerin 'ya'ya na shafin ƙarshe, wanda ma Hajiya Asabe ce ta ba ni. Ya rufe, ya cire gilashin ya goge shi da bakin riga.

"Ya yi kyau ƙwarai, Malama. Kamar ina jin muryarta. Allah ya saka da alheri. A buga."

Ya tafi ya bar takardun a kan benci. Mutumin da ya ce ya yi kyau amma ya manta bai ɗauka ba, ai ya gama gaya maka komai. 

Washegari Hajiya Asabe ta zo da kanta, ko zama ba ta yi ba. Ta ce Yaya ya je gida jiya ya gaishe su kamar kullum, amma ita ta san fuskarsa. "Malama Binta, don Allah layi ɗaya fa. Ki sa ta ce, 'Kabiru ɗana ne abin alfaharina.' Wa zai sani? Ai ba ƙarya ba ce, wallahi haka ne a ranta."

Ba zan ce muku ban ji kwaɗayin yi ba. Aikin da na samu bayan wata bakwai, ga mutumin kirki, ga layi ɗaya tak. Amma na ce mata, "Hajiya, shi zai fara ganewa. Shekara sittin yana sauraron matar nan. Ya san abin da bakinta zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba. In ya ga wannan layin, sauran littafin ma ya zama ƙarya a wajensa." Ta tafi ba ta ji daɗina ba.

Na zauna ina kallon zanen, ba abin da ya zo min. Sai na yi abin da Kawu yake yi in aiki ya cije masa: na jawo kwando na juye a tabarma. Ina warware 'yan guntayen takardun ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa don dai kada in zauna haka nan. "Shekarar da mutumin Yakasai ya fara haƙori." Na ajiye. "Ana saura kwana kaɗan a yaye mutumin Yakasai." Na ajiye kusa da ita. "Lokacin mutumin Yakasai ya yi karaya a hannu." "Daminar da aka kai mutumin Yakasai makarantar kwana." "Bayan mutumin Yakasai ya fara koyarwa da wata uku." "Shekarar da aka yi wa mutumin Yakasai haihuwar fari."

Tun a tsakar gidan na san wa take nufi, ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Amma kunnena ya ɗauke shi a matsayin kalanda kawai, irin yadda wata za ta ce shekarar fari ko shekarar kwalara. Sai da na gan su jere a tabarma, guntu talatin da wani abu, sannan na gane abin da na yi. Matar nan ba ta da wani ma'aunin lokaci a duniya sai shi. Auren 'ya'yanta mata, zuwanta Makka, har rasuwar mijinta, duk da shekarunsa ta auna su. Zaren da nake nema tun farko na bi shi da almakashi na datse, na zuba a kwando da hannuna.

Na sauke komai daga zanen na sake lale. Guntayen kwando suka koma sama, kowanne ya zama kan babi, labaran sana'a suka biyo a ƙarƙashinsu. Ban ƙara ko wasali ba. Kuma da suka koma mazauninsu sai wasu labaran suka canja kama. Akwai inda take bayanin yadda ta gano sirrin alkakin da zai yi wata biyu bai yi ɗanɗanon tsufa ba, a soya shi a hankali a bar shi ya sha zuma ya tsane. A shirina na farko wannan darasin girki ne kawai. Yanzu kuwa ya zauna a ƙarƙashin daminar makarantar kwana, kuma ƙarshensa ga abin da ta ce: "Dole na koya, don tafiyar da nisa, kuma sai an yi wata biyu ake samun mai zuwa. A gwangwanin madara mai jan murfi nake zubawa in aika Yakasai, su su san yadda za su yi da shi."

Saura doka ta biyu, wadda ta fi ba ni tsoro. Na ɗauki takardu na tafi Madabo bayan la'asar. Na ce, "Hajiya, zan karanta miki kawunan babi, in akwai wanda ba ki so a cire." Na fara. A na uku ta ja mayafi ta rufe fuska. A na bakwai Hajiya Asabe ta tashi ta shige ɗaki. Na karanta har ƙarshe, tsakar gidan tsit sai kaji.

"Ke 'yar nan," in ji Hajiya daga cikin mayafi, "wa ya haife ki ne? Ni ban ce komai ba."

"Ba ki ce ba, Hajiya. Ko sunan kowa babu. In cire?"

Na fara tattara takarduna.

"Wa ya ce ki cire? Gyara za ki yi. Kin sa karayar bayan makarantar kwana. Kafin ne, da wata biyu. Ranar Talata ce, daga kan katangar masallaci, hannun hagu. Ku masu boko ba ku iya lissafi ba."

Na gyara a gabanta.

Ranar da littafin ya fito, a gidan Hajiya aka ce in kai. Alhaji Kabiru na zaure yana jira. Na miƙa masa kwafi ɗaya, ya karɓa don ladabi, yana tsaye ya buɗe shafin da aka jera kawunan babi. Na ga yatsansa na bin layin yana sauka. Bai kai rabi ba ya nemi dakali ya zauna. Ya buɗe tsakiya, ya karanta, ya daɗe a shafi ɗaya.

"Mai jan murfi," ya ce, ba da ni yake ba. Sannan ya ɗago. "Malama, shekara biyar ina cin alkakin nan a makaranta. Har kakata ta rasu ita nake yi wa godiya."

Muka shiga ciki tare. Ya durƙusa daga nesa inda ya saba, ya ce, "Hajiya, barka da yamma." Ita kuma ta juya fuska wajen bango kamar yadda ta yi shekara sittin, ta ce, "Lafiya lau. Ya mutanen gidan?" Ba abin da ya canja, kuma ni ban so ya canja ba. Sai ta ɗaga murya.

"Asabe, ɗauko abin nan a ƙarƙashin gado ki ba baƙon nan."

Hajiya Asabe ta fito da gwangwanin madara, ta tsaya riƙe da shi. "Hajiya, Yaya fa likita ya hana shi zaƙi. Yana da suga."

"Na sani," in ji tsohuwar, tana kallon bango. "Shekara huɗu ke nan da azumin bana. Ban sa zuma da yawa ba."

Alhaji Kabiru ya buɗe murfin ya ci guda uku a gabanmu, yana dariya hawaye na sauka a gemunsa, ba wanda ya hana shi. Ni ma aka ba ni ɗaya, kuma gaskiyarta, zumar ba ta da yawa.

Na koma gida na ɗauki kwandon zan juye a shara, tunda littafi ya fito. Na tsaya na sake duba cikinsa tukuna.